Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Kogin Odaw: Ambaliyar da Ke Cin Mu Daga Tudu Take Farawa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ayyuka, Gidaje da Albarkatun Ruwa, da ofishin Ministan Yankin Babban Akra, da shugabannin asambuloli, wato ƙananan hukumomi, da kogin Odaw ya ratsa ta ƙasarsu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a madadin mutanen da gidajensu ke bakin ruwa a Alajo, Kotobabi, Avenor, Nima da Mamobi, a birnin Akra na ƙasar Ghana, da kuma 'yan'uwanmu manoman lambu da ke ban-ruwa a gefen rafin Onyasia. Mu ne waɗanda idan hadari ya haɗu a arewacin gari ba ma runtsawa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk shekara idan damina ta gabato, sanarwar da muke ji daga hukuma ɗaya ce: za a yashe kogi, za a kwashe gota, za a rushe rumfunan da ke kan hanyar ruwa. Ba mu ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Damuwarmu ita ce ba mu cika jin an ambaci ƙasar da ruwan ke gangarowa daga cikinta ba, alhali kuwa a can ne ake yanke hukuncin yawan ruwan da zai iso ƙofarmu da kuma saurin da zai iso da shi.

Kogin Odaw yana tasowa ne daga gindin duwatsun Akwapim, wajen Abokobi, ya biyo ta Ashongman da Haatso da Achimota, ya haɗu da Onyasia a nan wajenmu Alajo, ya karɓi ruwan babbar gotar Nima kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, sannan ya wuce ta Agbogbloshie ya zuba a tafkin Korle, daga nan sai teku. Duk ƙasar da ruwanta ke tsiyayowa cikin wannan kogi ta kai kusan murabba'in kilomita 270, kuma kowane ɗigon da ya sauka a cikinta, idan ƙasa ba ta shanye shi ba kuma rana ba ta busar da shi ba, ƙofa ɗaya tak yake da ita ta fita, wato ta gabanmu. Wannan shi ne kwarin Odaw, kuma a kansa muke roƙon ku duba.

Duk wanda ya taɓa yin alwala a tsohon masallaci mai yashi a farfajiya ya san cewa jama'a za su yi alwala sahu-sahu, ƙasa ta shanye ruwan ba tare da ya kwanta ba, amma ranar da aka zuba wa farfajiyar siminti, dole a fasa masa hanya, in ba haka ba ya shiga ɗakin maƙwabci. Abin da ya faru da kwarin Odaw ke nan. Masana ilimin ruwa sun daɗe da ƙiyasta cewa a ƙasa mai ciyawa da itatuwa, kusan kashi ɗaya cikin goma ne na ruwan sama ke gudu a doron ƙasa, saura kuwa ya nutse ko ganyaye su tare shi ya koma sama, yayin da a unguwar da rufin kwano da kwalta da siminti suka rufe, fiye da rabi ne ke gudu. Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Fulotin da aka saba yankawa a nan, ƙafa 70 da ƙafa 100, ya kai kusan murabba'in mita 650. Idan aka yi ruwan milimita 50 a yammaci guda, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Yuni, lita 32,500 ke nan ya sauka a kan fuloti ɗaya. Idan mai gidan ya rufe rabi da kwano, ya daɓe sauran rabin da tayil tun daga bakin ɗaki har bakin get, ya kuma fasa rami a gindin katanga ya saki ruwan a titi, to mafi yawan wannan ruwa ya kama hanyar zuwa wurinmu cikin 'yan mintoci. Sai ku ninka wannan da yawan gidajen da aka gina a Kwabenya, Dome, Agbogba, Ashongman da Haatso.

Ƙidayar 1984 ta samu mutum kusan miliyan 1.4 a Yankin Babban Akra. A 2000 sun kai miliyan 2.9, a 2021 kuwa sun haura miliyan 5.4. Mutane dole su sami wurin kwana, kuma mu da kakanninmu suka zo daga nesa suka kafa zango ba mu da bakin hana wani ya gina gida. Dattawanmu da suka yi kiwon shanu da fataucinsu suna ba da labarin lokacin da waɗancan wuraren gonakin rogo da masara ne da daji da fadamu, inda ruwa ke kwana bayan an ɗauke kafin ya sulalo a hankali. An sayar da fadamun, an cika su da jar ƙasa da ɓaraguzan gini, an hau gangaren duwatsu da katafila. Gina gida ba laifi ba ne, laifin shi ne an bar kowa ya gina ba tare da an tambaye shi inda zai kai ruwansa ba.

Kokenmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne yadda ruwan ke zuwa yanzu. Ba yawa kawai ya ƙara ba, gaggawa ya ƙara, domin ruwan da dā yake ɗaukar yini yana gangarowa kaɗan-kaɗan yanzu a dunƙule yake tahowa. Na tsaya a kan gada a unguwarmu wata la'asar da yayyafi kawai aka yi mana, ƙasan rumfuna ma bai jiƙe ba, mata na suyar wainarsu, sai ga kogin ya taso ja wur, yana ɗauke da kututture da katifa da buhunan roba, kafin a kira magariba ya taɓa ƙasan gadar. Ba a kanmu aka yi wannan ruwan ba, a tudu aka yi shi, kuma launinsa ma ya faɗi inda ya fito, domin jar ƙasar nan ta sababbin filaye ce da aka share. Ku shigo lungunanmu ku ga ƙofofi. Kusan kowane ɗaki an ɗaga masa dokin ƙofa da jerin bulo, wasu har gwiwa, ta yadda tsohuwa ba ta iya shiga ɗakinta sai an riƙe ta, kuma idan aka yi rasuwa sai an sha wahala kafin a fito da makara. Maƙwabcina tela ya ɗora kekensa a kan benci, ya rataye yadin mutane a jikin rufi, duk da haka bara ruwa ya haura bulon ya ɓata masa ɗinkin sallah na mutane, ya biya daga aljihunsa. Iyaye suna raba dare, wani ya yi barci wani ya zauna yana leƙa gota da tocila.

Ba sai mun tuna muku daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ruwa ya cika shataletalen Kwame Nkrumah, mutane suka fake a gidan mai, man ya malala a kan ruwa wuta ta kama, aka rasa rayuka sama da 150. Ƙiyasin da aka yi bayan nan ya nuna mutum kusan 53,000 ne ambaliyar ta shafa, asarar kuma ta kai kimanin dala miliyan 55. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kafin wannan an yi ta 1995, an yi ta 2001, an yi ta 2011. Abin da ya kamata ya tayar wa kowa da hankali shi ne, ƙasar da aka rufe da siminti a kwarin a yau ta fi ta 2015 yawa, saboda haka idan ruwa irin na wancan dare ya sake sauka, abin da zai iso ƙasan kogin zai fi na wancan lokaci.

Koke na biyu ya shafi yashi da laka. An sha yashe Odaw tun bayan 2015, an kashe kuɗi masu yawa, muna ganin motocin haƙa suna tara tulin baƙar laka a gefe, amma damina ɗaya ko biyu sai tsibirin yashi ya sake tsirowa a tsakiyar ruwa, har ciyawa ta fito a kansa. Daga ina yashin yake zuwa? Daga filayen da aka sassabe aka bari tsirara, da titunan ƙasa na sababbin unguwanni da ruwa ke zaizaya, da wuraren ɗibar yashi da fasa dutse, da tulin yashin gini da ake jibgewa a bakin titi ba shinge. Idan ruwan ya sauko inda ƙasa ta kwanta, tsakanin Alajo da Korle, gudunsa ya ragu, sai ya sauke kayansa a nan, cikin kogin ya cike, ruwan gaba kuma ya rasa wurin wucewa, balle idan ya tarar da teku ta cika. Mun san za a ce shara ce, kuma ba mu musun cewa ledoji da robobin ruwa suna toshe kwalbatoci, kuma akwai masu juye kwandon shara a gota idan an fara ruwa, limamanmu suna faɗa a kan haka a huɗuba. Amma ko da an wayi gari babu leda ko ɗaya a Nima, ruwan da yashin da ke saukowa daga tudu ba za su ragu ba. Idan aka tsaya a kan shararmu kaɗai, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Koke na uku ba a cika jin sa ba, domin ba ya zuwa da ƙara. Ruwan da ƙasa ta shanye da damina shi ne take tsiyayo wa rafi a hankali da rani, shi ne kuma ke cika rijiya. Yanzu da aka hana ƙasa sha, sannan gidaje da yawa a tudu suka haƙa burtsatse suna zuƙar abin da ya rage, idan hunturu ya shigo abin da ke gudana a Onyasia da gotar Nima galibinsa ruwan wanka ne da wanki da abin da ke fitowa daga bayan gida. Manoman lambu na Dzorwulu, waɗanda da yawansu 'yan zango ne, da wannan ruwan suke cika bokitin ban-ruwa su zuba wa latas da kabeji da albasa mai ganye, kayan kuma su shiga kasuwa su hau kan wake da shinkafar da kowa ke saye. Wani dattijo a cikinsu ya nuna mini ƙafafunsa da suka tsattsage saboda tsayuwa cikin wannan ruwa, ya ce ba don yana so ba ne, don babu wani ne. Mun ga abin da kwalara ta yi a 2014, lokacin da ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Akra. Kogin da ke cika ya yi ɓarna da damina, ya koma kwatami da rani, alamar cuta ɗaya ce yake nunawa ta fuska biyu.

Akwai kuma wani abu da ake yi da kyakkyawar niyya amma yake ƙara mana nauyi. Idan wata unguwa ta tudu ta koka da ruwa, sai a miƙe mata rafi, a zuba masa siminti ƙasa da gefe, ruwa ya bar wurinsu da sauri, a yi bikin buɗewa. Rafi mai lanƙwasa da ciyawa a baki yana rage wa ruwa gudu, gotar siminti kuwa ƙara masa take yi, kuma duk abin da ya bar can da wuri nan yake isowa da wuri. Kwarin ɗaya ne amma an raba shi tsakanin asambuloli masu yawa, daga Ga ta Gabas zuwa Okaikwei ta Arewa, da Ayawaso ta Yamma da ta Tsakiya da ta Arewa da ta Gabas, da Korle Klottey, da asambulin birnin Akra. Wanda ya sa hannu a takardar izinin gini a Abokobi ba shi ne zai raba katifa da shinkafa a Alajo ba, kuma babu wanda ke kiran sa ya ba da amsa.

Masu girma, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne dokokin suna nan. An kafa Hukumar Albarkatun Ruwa da doka mai lamba 522 tun 1996. Manufar kare gaɓar koguna ta 2011 ta ce a bar mita 10 zuwa 60 a gefen manyan koguna, mita 10 zuwa 20 a gefen ƙananan rafuka masu gudana duk shekara. Dokar tsara amfani da ƙasa mai lamba 925 ta fito a 2016, a 2022 kuma aka kafa hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa da doka mai lamba 1085. Amma aiki da su ya zama mai ido ɗaya. Makonni kaɗan bayan bala'in 2015, katafila ta shiga unguwar Old Fadama da ke bakin Korle ta rushe matsugunan dubban talakawa, yawancinsu 'yan arewa masu dako da tallace-tallace. A tudu kuwa muna ganin bene a tsakiyar fadama, an rubuta masa umarnin dakatar da aiki da jan fenti a jikin katanga, bayan 'yan watanni a shafe rubutun da sabon fenti a sa labule a taga. Rumfar katako a bakin Korle tana tare hanyar ruwa, gaskiya ne, amma rukunin gidajen da aka cike fadama aka gina ya kawar da ma'ajiyar ruwa ɗungurungum, kuma ɓarnarsa ta fi girma. Haka nan hankalinmu ya tashi a 2022 da aka fitar da umarnin zartarwa mai lamba 144, wanda ya cire kimanin eka 361 daga gandun dajin Achimota, dajin da aka keɓe tun 1930, wanda yana cikin 'yan wuraren da suka rage a kwarin nan inda ruwan sama ke samun ƙasar da zai nutse.

Mun yi murna a 2019 da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID na rage ambaliya a kwarin Odaw, aka kuma ƙara dala miliyan 150 a 2023, musamman da muka ji an sa Alajo da Nima da Akweteyman a cikin unguwannin da za a gyara. Abin da ya fi faranta mana rai a tsarin shi ne tafkunan tare ruwa da aka tsara a wajen Atomic, kusa da Haatso a saman kwarin, domin shi ne karon da muka ga an yarda cewa maganin ƙasan kogi yana samansa. Bashi ne da mu da 'ya'yanmu za mu biya, don haka muna da haƙƙin a gaya mana inda aka kwana.

Ga abin da muke roƙo. Muna roƙon a fito fili a bayyana wa jama'a matsayin tafkunan tare ruwan nan da filayen da aka ware musu, a kafa musu alamar iyaka da kowa zai gani, a kuma nemo wasu filayen na gwamnati a saman kwarin a keɓe su tun kafin a yanka su fuloti. Filin ƙwallo ko wurin shaƙatawa da aka sassauta shi ƙasa kaɗan yana iya riƙe ruwa na 'yan sa'o'i ya sake shi a hankali, yara kuma su koma wasansu washegari.

Muna roƙon a sa sharaɗi a cikin izinin gini a duk faɗin kwarin Odaw, cewa ba za a amince da zanen gida ko rukunin gidaje ko kanti ko gidan mai ba sai ya nuna inda zai riƙe ruwansa: indararo da tanki, ko ramin shanye ruwa, da wani kaso na fili da za a bari ba siminti. Ga manyan gine-gine, ƙa'idar ta zama ruwan da zai fita daga filin bayan gini kada ya wuce wanda yake fita kafin gini. Wannan ba ya buƙatar rance daga waje, sa hannu da bin diddigi kawai yake buƙata. Wuraren gini da na ɗibar yashi kuma a tilasta musu shingen tare laka, titunan ƙasa da ke kan gangare a ba su fifiko wajen gyara, domin kuɗin da aka kashe a nan zai rage na yasa.

Muna roƙon kada a ba da izinin gini ko ɗaya a abin da ya rage na dajin Achimota da fadamun da ba a riga an cike ba, a kuma zana taswirarsu a liƙa a ofisoshin asambuli da fadojin sarakuna, tun da ta hannun sarakuna da iyalai masu ƙasa ake sayar da yawancin filayen, domin mai saye ya sani kafin ya biya. Dokar gaɓar kogi kuma a yi aiki da ita a kan bene kamar yadda ake yi a kan rumfa, a fara daga sama a gangaro. Idan ya zama dole a tayar da talaka, a ba shi wa'adi da wurin komawa, kada a zo masa da asuba cikin damina. Manoman lambu kuwa a bar su a gefen rafi a ba su takardar zama da ruwa mai tsabta, domin gadon latas yana shan ruwan sama kuma yana hana a kafa bulo a wurin.

Muna roƙon a kafa majalisa guda ta kwarin Odaw wadda duk asambulolin nan za su zauna a cikinta tare da Hukumar Albarkatun Ruwa da hukumar magudanan ruwa da NADMO mai kula da bala'o'i, wadda ba za a miƙe rafi ko a amince da babban gini a tudu ba sai ta duba abin da zai jawo wa na ƙasa. A ba sarakunan zango da limamai da shugabannin mata da manoman lambu kujera a cikinta, kujerar magana da ƙuri'a, ba ta zaman sauraro ba.

A ƙarshe, muna roƙon a kafa ma'aunin ruwan sama da na tsayin kogi a saman kwarin, a riƙa buga alkalumansu a fili, a kuma haɗa su da saƙon waya da lasifikar masallatai da coci-coci da gidajen rediyo, cikin Hausa da Ga da Twi da Turanci. Idan kogi ya taso a Haatso, mutanen Alajo su ji kafin ya iso, ko da rabin sa'a ce, domin ta isa a fitar da tsofaffi da jarirai a kashe wutar lantarki. Matasanmu a shirye suke a koya musu karanta ma'aunin da kula da shi.

Muna gayyatar ku, ku da injiniyoyinku, ku zo mu taka kogin nan tare kafin ruwan farko ya sauka, mu fara daga Abokobi mu gangaro har Korle, mu nuna muku fadamun da aka cike da ƙofofin da aka ɗaga, sannan ku ba mu amsar waɗannan buƙatu a rubuce, da ranar da za a fara kowanne da ofishin da zai ɗauki nauyinsa.

Wassalam. Naku cikin girmamawa,

Wani mazaunin Alajo, a madadin mazauna bakin Odaw, Onyasia da gotar Nima.